Ɗakin da Aka Shirya wa Baƙi

Ƙanin matata tela ne, kuma shi kaɗai ya rage a danginta da yake zuwa gidana ba don ya tambaye ni yaushe zan sake aure ba. Ita ta raine shi bayan rasuwar iyayensu. A tsakar gidana ya girma yana ce mini Yaya, yana ɓata mini littattafai da man keke. Da ta rasu sai ya riƙa leƙo ni duk mako, ya zauna ya kushe ɗinkin rigar da ke jikina, ya sha shayi, ya tafi.

Wata safiya tagar shagonsa ta cije, ya sa ƙarfi ya tura ta, gilashin ya fashe ya yanke shi a tafin hannun dama, daidai gindin yatsu. Jijiyoyin da ke lanƙwasa yatsu uku suka tsinke. Na ƙare ƙuruciyata da tsufana ina koyar da sassan jikin ɗan'adam a kwalejin kimiyyar lafiya ta jami'armu kafin in yi ritaya, don haka da na ga hannun ban nemi kowa ya yi mini bayani ba. Likitan fiɗa na asibitin koyarwa ya ɗinke jijiyoyin a ranar, aikin kuwa ya yi kyau, ko da yake ranar da aka buɗe za a wanke ciwon Tela ya leƙa ya ce da a shagonsa aka ja wannan layin, da ya warware shi a gaban mai kaya.

Likitan ya yi dariya, sannan ya gaya masa gaskiya. Ɗinki rabin aiki ne. Jijiyar da aka ɗinke, in aka bar ta kwance sai ta manne da naman da ke kewaye da ita, yatsa ya sandare. In kuma aka motsa ta da ganganci sai ta sake tsinkewa. Saboda haka cikin 'yan kwanaki sai a cire filastar da aka sa wa hannun a sashen gashin ƙashi, a yi masa maɗauri na wata roba da ake tausasawa a tukunyar ruwan zafi a lanƙwasa ta daidai hannun mutum, yadda yatsun za su riƙa motsi kaɗan-kaɗan ba tare da sun ja ɗinkin ba. Ya ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kada mu yi wasa da lokaci.

Ba mu yi wasa ba. Ranar da aka ce mu je, muna bakin ƙofar sashen tun kafin masu shara su gama. Muka tarar da benci cike da mutane: wata tsohuwa mai shanyewar ɓarin jiki, wani direba da sanduna biyu, wata uwa riƙe da 'yarta da wuyanta bai tsaya ba. Ƙofa a buɗe take. Na leƙa, na ga ɗakin wayam kamar an yi tashin gida. Babu gado, babu na'ura, ko labule ba a bari ba, sai tabon ƙafafun gadaje a ƙasa. Mai gadi ya ce an kwashe kayan zuwa kwaleji saboda baƙi, har da ma'aikatan. Na tambaye shi yaushe za a dawo da su, ya ce in baƙin sun tafi. Yaushe za su zo? Ya buɗe hannuwa.

Wanda bai yi aikin jami'a ba sai a yi masa bayani. Duk bayan 'yan shekaru hukumar da ke ba likitoci da ma'aikatan lafiya lasisi takan turo masu tantancewa su ga ko makaranta tana da malamai da kayan koyarwa. In ba su gamsu ba, ɗalibai su gama karatu su rasa lasisin aiki. Tun zamaninmu akan yi aro. A ranto madubin gwaji daga sashen noma, a cika kanta da littattafan wani, baƙi su wuce, da yamma kowa ya zo ya ɗauki abinsa. Kowa ya san kayan aro ba ya rufe katara, amma yakan rufe ta na wuni ɗaya, wuni ɗayan kuwa shi ake nema.

Abin da ban taɓa gani ba shi ne wanda shugaban kwaleji na yanzu ya ƙirƙiro. Ya buɗe sabon digiri na gashin ƙashi a ginin da ba shi da komai sai fenti. Da aka ce baƙi za su zo cikin wannan zangon karatu, ba a yanke rana ba, sai ya ɗauke sashen asibiti ɗungurungum ya jera a zauren sabon ginin, ya sa aka shimfiɗa zanen gado fari, aka goge komai, sannan ya kulle ƙofa. Wai a wata tantancewa da ta wuce an bar ɗaki a buɗe, baƙi suka tarar da tabon magani a kan zane, suka rubuta. Shugaban asibitin bai ce uffan ba, domin nasa baƙin suna tafe baɗi, kuma motocin kwaleji zai ara.

Shugaban kwalejin nan ɗalibina ne. Ya riga kowa a ajinsu haddace ƙasusuwan hannu, amma ban taɓa jin ya tambayi abin da hannu yake yi da su ba. Ma'aikata suna kiransa Ana-Kai a bayan idonsa, saboda duk abin da aka kai masa, daga rufin da ke yoyo har gawar da firji ya lalace a kanta, amsarsa ke nan.

Na hau bene na same shi. Ya taso daga bayan tebur ya kama hannuna da hannu biyu, ya zaunar da ni a kujerar da ta fi laushi, ya sa aka kawo shayi a kofi mai bakin zinariya. Ya yi wa marigayiya addu'a, ya tuno wani abin kirki da ta taɓa yi masa yana ɗalibi. Ladabinsa ba ya da makusa. Na gaya masa abin da ya kawo ni, ya saurara da kansa a karkace, irin na likitan da ya riga ya rubuta magani tun mai ciwo bai buɗe baki ba.

"Malam, ana kai," in ji shi.

Na ce ba aiki na zo a yi mini ba, makulli na zo ara. Tukunyar ruwan zafi da fallen roba ɗaya, a yi maɗaurin a mai da komai inda yake, ko zanen gadon ba za a taɓa ba. Ya ce ai makullin ba ya hannunsa, yana hannun kwamitin shirye-shirye. Na tambayi wane ne shugaban kwamitin, in je in roƙe shi. Ya gyara zaman tabarau ya ce shi ne, amma ba zai iya yanke hukunci shi kaɗai ba sai kwamiti ya zauna.

Sannan ya kawo hujjarsa, kuma ba zan ɓoye ba, hujja ce. In ya buɗe wa mutum ɗaya, gobe duk mutanen bencin nan za su zo. Baƙi suna iya dira kowace safiya. In suka tarar da ɗakin a hargitse suka hana lasisi, yara nawa ne za su zauna a gida da takardar banza, bayan iyayensu sun sayar da gonaki?

"Hannu ɗaya kake kallo, Malam. Ni makomar aji guda nake kallo."

"Ajin, me kake koya musu?" na ce. "Ba gyaran hannu ba?"

Ya yi murmushi ya ce har yanzu bakina yana nan yadda ya san shi.

Matar da ta ƙware a gyaran hannu a duk asibitin ita kaɗai ce. Na same ta a wani ofis na sabon ginin, an manna mata allo a ƙofa wai babbar malama, tana zaune gaban tebur babu ko takarda, sanye da farar riga da ba a gama warware karin gugarta ba. An hana ta barin ginin a lokacin aiki, kada baƙi su zo a ƙirga malamai a rasa ɗaya. Ta ce tun da take ba ta taɓa gajiya irin ta wannan zaman ba. Ta ce in kawo shi ƙarƙashin matattakalar baya, inda ake tara karyayyun kujeru.

Nan ta duba shi. Ta rage filastar, ta yanko kwali, ta haɗa da robar ɗaure takarda ta yi abin da za ta iya. Tela ya dubi aikin ya ce, Malama, wannan ai sai a sa wa akuya. Ta ce akuyar ma ta fi shi jin magana, ya daina ƙoƙarin damƙe hannun. Ta gaya mini a gefe cewa kwali ba ya riƙe wuyan hannu yadda ake so, kuma tana tsoron ta matsa ɗinkin ya ɓalle, don haka kaɗan za ta riƙa motsa yatsun har a buɗe ɗakin. Mun samu zuwa sau biyu ko uku. Sai sakataren kwaleji ya biyo ta wurin yana neman kujerar da za a gyara, ya gan mu. Washegari aka sanar da ita cewa babbar malama ba ta duba marasa lafiya a ƙarƙashin bene, aka kuma sa sunanta cikin waɗanda za a kai wani gari a koya musu yadda ake amsa tambayoyin baƙi. Kafin ta tafi ta mai da masa filasta, ta ce gara hannun ya kwanta da ya tsinke ba ta nan.

Mun shiga mota mun je wani asibitin mai nisa. Suka ce mai yi musu aikin hannu ya bar ƙasar, su ma wurinmu suke turo mutane. A hanyar dawowa Tela ya ce, Yaya, kai da ka koya musu duka, ba za ka iya ba? Na ce masa na san sunan kowace jijiya da inda ta taso da inda ta ƙare, amma a jikin gawa na yi aikina, gawa kuwa ba ta cewa wayyo, ba ta kuma warkewa.

Na koma wurin Ana-Kai, wannan karon ban sha shayin ba. Na ce in bai buɗe ɗakin ba, zan tsaya a bakin ƙofa ranar da baƙi suka zo in gaya musu daga inda kowane gado ya fito. Bai ko canza fuska ba. Ya ce ya san ni, ba zan iya kashe wa yaran mutane karatu ba. Sannan ya ce yana da shawarar da za ta fisshe mu duka. Ɗakin koyarwa ba ya cika sai da marasa lafiya a kan gadaje, kuma suna neman waɗanda za su kwanta ranar. A sa Tela a gadon farko. Shi za a fara yi wa aiki, a gaban manyan masana, da sabuwar roba. Ni kuma, tun da sashen sassan jiki ya rasa farfesa, in ba su aron sunana a ƙofa na wuni ɗaya. Baƙin ai mako mai zuwa za su zo, an bugo masa waya.

Na karanta tarihin sarakuna da yawa waɗanda suka yi gini don idon baƙo, talakawa suna kwana a waje, amma ban taɓa cin karo da wanda ya ari talakan ma ya jera a cikin ginin ba. Na yarda. Mako ɗaya ne, in ji shi, kuma ba ni da wata ƙofar.

Mako ya zo, aka ce shugaban baƙin ya yi tafiya. Aka sa wata rana, ta zo, aka ce hukumar tana taron gaggawa. Kullum da safe masu shara sukan buɗe ɗakin a gaban sakatare su goge ƙura su sake kullewa. Ƙura tana da izinin a kula da ita. Bencin asibiti ya riƙa raguwa. Tsohuwar nan 'ya'yanta suka mai da ita ƙauye, direban na gan shi wata rana a bakin titi da sandunansa yana sayar da katin waya. Masu kaya suka fara zuwa shagon Tela suna karɓar yadinsu ba a ɗinka ba, kowa da "Allah ya ƙara sauƙi" a bakinsa da yadinsa a hammata. Ya ci gaba da zuwa gidana, amma ya daina duban rigata.

Da baƙin suka tashi zuwa, sai da aka share hanya har bakin titi. Su huɗu ne, da jakunkuna iri ɗaya. Aka ba Tela rigar marasa lafiya sabuwa ful aka kwantar da shi a gadon farko. Sauran gadajen ɗalibai ne aka naɗa wa bandeji, ɗaya har da nishi. Aka kunna tukunyar ruwan zafi tana tururi. Ni ya kamata in zauna a ofishin da aka manna sunana, amma na bi ayarin na tsaya a baya.

Malama, da ta dawo daga tafiyarta, ta yanke filastar ta buɗe. Hannun ya rame, fatar ta yi fari tana saɓa, yatsun uku sun lanƙwashe sun tsaya kamar ƙugiya. Ta ce ya motsa. Ya cije leɓe, jijiyar wuyansa ta tashi, babban yatsa da ƙaramin suka motsa, sauran ko gezau. Ta kama ɗaya a hankali ta gwada miƙe shi, ya tafi kaɗan ya tsaya cak. Ba ta ɗago kai ba.

Shugaban baƙin, wani dattijo mai furfura da sanyin murya, ya sunkuya ya duba, ya tambayi yaushe aka yi fiɗar. Kafin Malama ta buɗe baki Ana-Kai ya amsa da Turanci, wanda Tela ba ya ji. Ya ce da gangan aka zaɓo wannan, don ɗalibai su ga abin da ke faruwa in mara lafiya ya makara bai zo gashi a kan lokaci ba, matsalar da ta yi wa jama'armu katutu saboda ƙarancin wayewa. Dattijon ya gyaɗa kai ya ce lallai misali ne mai kyau, ba kowace makaranta ke samun irinsa ba. Ya sa aka kira ɗalibai su matso. Suka kewaye gadon, har masu bandejin suka sauko suna leƙe, ana ta juya hannun ana zuba manyan kalmomin likitanci. Tela yana ta murmushi yana gyaɗa kai, don ya ga manya sun ji daɗi.

Na ratsa su na zo gaba. Na ce mutumin nan bai makara ba. Ya zo ranar da aka ce ya zo, ya tarar an kwashe asibitin an kulle a nan ana jiran ku. Na nuna gadaje, na nuna tukunyar, na faɗi inda kowanne ya fito, na faɗi tun yaushe. Muryata ba ta tashi ba, na saba magana a aji.

Ana-Kai ya ce wannan malaminsa ne, uba ne a wurinsu, kuma tun rasuwar iyalinsa sai ana haƙuri da shi. Dattijon ya dube ni da tausayi na gaske, wanda ya fi zagi ciwo. Ya matso ya rage murya.

"Malam, mun san gadon asibiti in mun gan shi. Mu ma muna da makaranta." Ya ɗan taɓa takardar da ke hannunsa. "An aiko mu mu ga ko akwai kaya. Akwai kaya."

Aka ce abinci yana hucewa. Suka fita, ayari ya bi su, ɗalibai suna warware bandeji suna dariya ƙasa-ƙasa. Sakatare ya leƙo ya ce a kashe tukunyar kada ta ci wuta. Malama ta ce masa in ya isa ya zo ya kashe da kansa. Ya dube ta ya ja ƙofa.

Muka rage mu uku. Ta jefa fallen robar a ruwan zafi, ta tsaya tana kallonsa yana laushi. Tela ya tashi zaune ya ce, Yaya, me suka ce? Ya ga kamar hannun ya burge su.

Na ce ya burge su ƙwarai.

Ya dubi fuskata, ya san ni. Ya juya wurinta.

"Malama, ke gaya mini. Zai riƙe almakashi?"

Ba ta yi masa kwana-kwana ba. Ta ce manunin yana iya dawowa in ya jure wahala wata da watanni. Sauran biyun sun manne, sai an sake fiɗa an ɓamɓare su, kuma ko an yi ba ta yi masa alkawari ba. Ta ce za ta yi duk abin da hannunta zai iya.

Daga can zauren cin abinci muka ji an soma tafi. Tela ya miƙa hannun hagu ya ɗauki almakashin bandeji da ke kan faranti, ya zura babban yatsan dama a zobe ɗaya, ya kama manunin da hagu ya cusa shi a ɗayan. Ya matsa. Bakin almakashin ya ɗan girgiza, bai rufe ba. Ya sake matsawa har zufa ta tsattsafo masa a goshi, almakashin ya sulɓe ya faɗi a kan farin zanen.

Ya ɗauke shi da hagu. Ya jawo guntun bandeji ya danne da gwiwar hannu, ya yanka. Layin ya tafi a karkace, bakin yana zare. Ya ɗaga shi sama ya daɗe yana dubawa.

"Wannan ko a kyauta ba mai karɓa," ya ce. "Ba ni wani, Yaya."

Na miƙa masa wani.